Ajin Faransanci na manya a Zango, Damagaram: rajistar aiki daga kaka zuwa gab da azumi

Asabar, 4 Oktoba 2025

An rufe rubuta suna. Maza 23, mata 9. Yawancin mazan ƴan kasuwar Dole ne da teloli da makanikai, sai direbobin kamiyo biyu masu bin hanyar Agadas, da samari uku da suka yi boko a Daura da Kano, suna jin Ingilishi amma allon bakin hanya ma ba su iya karantawa a nan gida. Maza za su riƙa zama a zauren da aka ba mu aro, Litinin da Laraba da Asabar, bayan isha'i, daga ƙarfe 8 zuwa 9 da rabi. An kauce wa Alhamis saboda ita ce babbar ranar kasuwa, wanda ya wuni tsaye a rumfa kuwa ba abin da zai riƙe da dare. Mata a cikin gida za su yi nasu, ranakun nan dai, bayan la'asar.

Tambayar da aka fi yi wajen rubuta suna ita ce: "Mushe, ba an ce an bar Faransanci ba? Me za mu yi da shi?" Abin da ya faru shi ne, kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. A watan ne kuma Nijar ta sanar da ficewarta daga OIF, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Amma ordinas ɗin da likita ke rubutawa, da fakitir ɗin kaya, da takardar haihuwa, da takardar sakamakon yaro daga lakwal, da saƙon kamfanin waya, har gobe da Faransanci suke zuwa. Haka takardun kayan da ke fitowa daga tashar Lome ko Kwatano. Saboda haka mun ɗauke shi harshen waje da ake koyo don buƙata, kuma ma'auninmu ɗaya ne: mutum ya karanta takardar da ke aljihunsa ba tare da ya miƙa wa wani ba.

An yi gwajin minti biyar ga kowa, an sami rukuni uku. Akwai masu karatun allo, sun iya ajami, ba su taɓa riƙe bik don boko ba. Akwai masu karanta Hausar boko. Akwai waɗanda suka bar lakwal a CE2 ko CM1, wato aji huɗu ko biyar na firamare, suna tuna gaisuwa da ƙirga zuwa ashirin. Yanzu dai tare za su zauna.

Kuɗi: kowa jikka guda, wato sefa 1 000, a wata. An kashe sefa 3 500 a gwangwanin fentin tabulo, 2 000 alli kwali biyu, 6 400 kaye mai shafi 100 guda 32, 9 600 ƙananan allunan hannu. Jimla 21 500. Fotokopi dala biyar shafi, za a riƙa yi mako-mako.

Litinin, 6 Oktoba

Darasin farko. Ba a rera baƙaƙe 26 daga A zuwa Z ba, an ce kowa ya fito da kartinsa na ɗan ƙasa ya nemo sunansa. Wannan hanya ta fi sauri, domin a sunayenmu kaɗai akwai rabin ƙa'idojin da mai farawa yake buƙata. Musa a kati Moussa ne, Usman Ousmane, Haruna Harouna: ke nan "ou" shi ne u namu. Shu'aibu ya koma Chaibou, wato "ch" shi ne sh. Jibo Djibo, Kance Kantché. S guda biyu tsakanin wasula s ce, guda ɗaya kuwa z ake faɗa, shi ya sa aka ninka ta a Moussa da Issa. An rubuta waɗannan a gefen tabulo, ba za a goge su ba har ƙarshen wata.

Masu ajami huɗu sun buɗe kaye daga baya sun fara daga dama. An sa musu ɗigon jan bik a kusurwar hagu ta kowane layi na shafi biyar na farko. Hannunsu ya fi na kowa tsabta, kuma haddarsu ba a magana.

Laraba, 8 Oktoba

Gaisuwa da faɗin suna. Bonjour, bonsoir, je m'appelle, j'habite à Birni, à Sabon Gari. "Vous" bai ba kowa wahala ba, tun da mu ma ku muke ce wa babba. An dai ja kunne: a ofis da asibiti da shingen jandarma "vous" ake ce wa kowa, ko da yaro ne a cikin kakin.

Asabar, 18 Oktoba

Mako biyu a kan sauti, kuma nan ne aikin yake.

Matsala ta farko p da f, da kuma v da b. Bakin Bahaushe bai raba su ba, saboda haka "pou", "fou", "vous" da "bout" sauti biyu kawai suke fitowa maimakon huɗu. Bayani da baki bai yi amfani ba. Abin da ya yi aiki shi ne madubi: an kawo madubin moto biyu da suka fashe a gefe, kowa ya dubi leɓensa. A p da b leɓe biyu suna haɗuwa su rufe ruf. A f da v haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, iska na wucewa. Don raba f da v kuma a ɗora yatsa a maƙogwaro, a v yana rawa, a f ba ya yi. Minti goma a farkon kowane zama, da kalmomi bibbiyu: pont da bon, vent da banc, poisson da boisson. Wanda ya faɗa, na kusa da shi ya rubuta a allon hannu abin da ya ji, ba abin da aka yi niyya ba. Dariya ake yi, amma kunne na buɗewa.

Ta biyu u ta Faransanci, wadda ba mu da ita. A ce i, a riƙe harshe inda yake, sannan a tsuke leɓe kamar mai fito. Mai cewa "dessous" a wurin "dessus" ya mayar da sama ƙasa, makanikai kuwa sun gane haɗarin wannan tun kafin a gama bayani.

Ta uku ita ce ta masu Hausar boko, kuma ta fi taurin kai. Sun saba duk harafin da aka rubuta a faɗe shi, don haka "petit" suna fitar da t ta ƙarshe, "beaucoup" kuwa sai su bi wasulan ɗaya bayan ɗaya har su kai ga p. C ma suna karanta ta kamar ta ciki da cokali. An ba su ƙa'idar wucin gadi: s, t, d, x da e marar alama a ƙarshen kalma, a ja musu layi da fensir, kada a faɗa. C, r, f, l a ƙarshe yawanci ana faɗa, kamar sac, pour, neuf, sel. Ƙa'idar tana da ramuka, misali r ta "parler" ba a faɗinta, amma tana ɗaukar mai farawa zuwa wani wuri.

Cusa wasali tsakanin baƙaƙe, irin "fakitir" da "tabulo", ba mu matsa a kai ba tukuna. Ana gane mai faɗin haka a ko'ina cikin ƙasar nan.

Litinin, 27 Oktoba

Mutum 14 kawai a zaure. Sauran suna ƙauye wajen girbin wake da ɗaukar gero, wasu Mirya, wasu wajen Matamai. Ba a ci gaba da sabon darasi ba, an maimaita. Ajin da za a buɗe badi ya fara a tsakiyar Nuwamba, bayan hatsi ya shiga rumbu.

Kuran ta ɗauke a zama biyu a jere, aka ƙarasa da fitilar waya, wadda ba ta kai tabulo. An sayi batir mai volt 12 na sefa 9 000, ƙwan fitila biyu masu wat 5 a 2 000, waya da maƙalai 1 500. Jimla 12 500. Cajinsa ɗaya yana kai mako. Da aka rataya fitila a gaban tabulo sai fentin ya riƙa ƙyalli, na baya ba su ganin alli. An mayar da ita sama, dab da bango, haske na sauka a karkace, ɗayar kuma tsakiyar zaure don kaye. Ya gyaru.

Laraba, 5 Nuwamba

Ƙirga. An yi tsammanin mako guda zai isa tun da ƴan kasuwa ne, ga shi an shiga na uku.

Daga 1 zuwa 69 lafiya lau, ban da rikicin kunne tsakanin deux da douze, trois da treize, six da seize. Daga 70 ne abin ya cije. Mu muna da saba'in da tamanin da casa'in, kalma ɗaya ɗaya. Faransanci na cewa soixante-dix, sittin da goma. Quatre-vingts, ashirin huɗu. Quatre-vingt-dix-sept, ashirin huɗu da goma sha bakwai, wato 97. A Beljiyam da Suwizalan suna da septante da nonante, amma nan ba wanda zai ce maka haka a banki. Kuma ba yadda za a tsallake wannan yanki, domin lambar wayar Nijar lambobi takwas ce, bibbiyu ake faɗinta, kuma yawanci da tamanin da wani abu ko casa'in da wani abu take farawa. Da aka yi dikte na lambobin waya na ƙirƙira, fiye da rabin aji sun rubuta 4 20 17 a wurin 97. Dalili shi ne suna rubutawa tun kalmar ba ta ƙare ba. Magani: alli ya tsaya a sama har mai faɗa ya yi shiru. Idan ka ji soixante ko quatre-vingt, jira, akwai saura.

Babbar matsala dai ta kuɗi ce, kuma ba ta harshe kaɗai ba ce. Mu da dala muke lissafi, dala ɗaya sefa 5. Faransanci da faran yake lissafi. Saboda haka idan aka ce cent francs, ɗan aji ya ji "ɗari", hankalinsa ya tafi ga dala ɗari, wato sefa 500, alhali dala ashirin ake nufi. Cinquante francs ya zama masa hamsin, wato 250, alhali dala goma ce. A gwajin saye da sayarwa da aka yi da kuɗin takarda, wani mai sayar da yadi ya yarda da farashin da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da yake nufi, ya ƙi wanda ya ninka masa riba. Ba rashin iya lissafi ba ne, mutumin a kansa yake lissafin dila guda. Ayyuka biyu ne suka haɗu masa a lokaci ɗaya, fassara da ninkawa.

An raba su. An hana ninkawa gaba ɗaya, an koma hadda: kowane tsabar kuɗi da kowace takarda da sunanta. An manna jadawali a bango da kuɗin gaske a jiki: 25 dala biyar vingt-cinq, 50 dala goma cinquante, 100 dala ashirin cent, 250 dala hamsin deux cent cinquante, 500 dala ɗari cinq cents, 1 000 jikka mille. Daga jikka zuwa sama ba rikici, jikka biyar cinq mille ce kai tsaye. Ana ɗaga kuɗin, aji ya faɗi sunan Faransanci ba tare da an bi ta Hausa ba. Sai an zauna da waɗannan shida sannan a haɗa: jikka da hamsin, mille deux cent cinquante.

Samarin da suka yi karatu a Najeriya suna da nasu. Can waƙafi ke raba dubbai, nan kuwa fili ko ɗigo ne ke raba dubbai, waƙafi na ɓangare ne. 12,5 sha biyu da rabi ne. 1.500 dubu ɗaya da ɗari biyar.

Asabar, 8 Nuwamba

Maimaita kuɗi. An ƙara ƙarfe na awa 24, tun da haka ake rubuta shi a tikitin mota da takardar ganin likita: 14 h 30 biyu da rabi na rana, a cire 12. Masu girbi sun dawo, ban da uku.

Litinin, 17 Nuwamba

An ce kowa ya zo da tsohuwar ordinas da kwalin magani daga gida, a rufe sunan mai ita da takarda. Wannan ne zaman da ya fi cika, kuma a ajin mata har maƙwabta biyu da ba su rubuta suna ba sun shigo.

Rubutun hannun likita ba mu ce za mu koyar da shi ba, wani lokaci mai farmasi ma sai ya ƙura ido. Abin da aka koya shi ne ƙashin jimlar, wanda ba ya canzawa: yawa, sau nawa, yaushe, kwana nawa. Un comprimé matin et soir pendant 5 jours. Kalmomin ba su kai talatin ba: comprimé da taƙaicensa cp, gélule, sirop, gouttes, matin, midi, soir, fois par jour, avant le repas, après le repas, à jeun, pendant, voie orale, ne pas dépasser. An tsaya sosai a kan avant da après domin da harafin a suke farawa dukansu kuma ido na gudu a kansu. An tsaya a kan cokali: cuillère à café mililita 5 ce, cuillère à soupe 15, ninki uku. An kawo cokulan biyu da ƙaramin kofin awo na maganin ruwa aka auna da ruwa a gaban kowa. Cokalin gida ba abin dogaro ba ne, wanda aka gwada na shayi ya ɗauki ƙasa da 5. In maganin ya zo da kofinsa ko sirinji, da shi za a auna.

Ranar lalacewa: a nemi EXP ko péremption a kwali, wata sannan shekara, 03/2026 Maris ke nan. Cikin kwalayen da aka kawo an sami huɗu da suka wuce lokaci.

An faɗa a fili, an kuma maimaita: iya karanta ordinas ba izinin canza ta ba ne. Amfaninsa shi ne ka san abin da aka rubuta bayan ka dawo gida ka manta bayanin da aka yi maka da baki, kuma ka iya tambayar mai farmasi "combien de fois par jour ?" ka gane amsa.

Laraba, 26 Nuwamba

Le da la. Bahaushe ya san namiji da tamata a suna, wannan riba ce da mai Ingilishi ba shi da ita. Illar ita ce yana ɗauko jinsin Hausa ya ɗora. Rana tamata ce a wajenmu, le soleil namiji. Wata namiji ne, la lune tamata. Kasuwa tamata, le marché. Ba a yarda a rubuta suna tsirara a kaye ba, sai da un ko une a gabansa, namiji da shuɗin bik, tamata da ja. Ƙarshen kalma na taimakawa: masu -tion da -ette tamata ne, masu -ment da -eau yawanci namiji, amma l'eau da la peau tamata ne.

A aikatau, être da avoir aka haddace kamar karatun allo, da murya ɗaya, kuma masu allo ne suka ja gaba. Masu ƙarewa da -er kuwa an nuna musu abin da littattafai ba su cika faɗa da wuri ba: je parle, tu parles, il parle, ils parlent, rubutu daban-daban, sauti ɗaya. A baki sifa uku kawai za ka riƙe, parle, parlons, parlez. Fuskoki sun saki da jin haka.

Asabar, 6 Disamba

Gwajin tsakiya, mutum 27 suka zauna. An bi tsarin DELF A1, jarrabawar Faransanci ta matakin farko, don a sami ma'aunin da aka sani: sassa huɗu, ji da karatu da rubutu da magana, kowane maki 25, ana cin jarrabawa da 50 cikin 100, kuma kada wani sashe ya gaza 5. Tambayoyin namu ne, daga ordinas da fakitir da saƙon waya.

Mutum 16 sun haura 50. Magana da karatu sun yi kyau. Ji ne ya kayar da mutane, kuma dalilin ya fito sarai: sun saba da muryar malaminsu, wanda ke rarrabe kalmomi. Da aka sa muryar da aka ɗauka a waya, ta mai magana da saurin yau da kullum, sai kalmomi suka manne. "Deux ans" suka ji douze. "Six" kaɗai sauti uku gare ta: sis in tana ita kaɗai, si a six francs, siz a six ans, dix ma haka. Daga yanzu kowane zama zai sami minti goma na muryar baƙo, za a roƙi ma'aikatan jinya da ɗaliban Jami'ar André Salifou da ke unguwa su riƙa ɗaukar gajerun saƙonni, maza da mata, a tura ta WhatsApp a saurara a gida. Labaran rediyo sun yi nauyi yanzu, sai dai sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, waɗanda tsarinsu ɗaya ne kullum.

An raba aji biyu a rabin sa'ar ƙarshe. Masu ajami suna buƙatar rubutu, tsofaffin ƴan lakwal sun fara gundura. Zaure ɗaya ne, kowane rukuni ya juya wa ɗaya baya.

Litinin, 15 Disamba

Cike takarda. Nom da Prénom sun ci rabin zama. A tsarin Faransanci nom na iyali ne, prénom naka na yanka. Mu sunanka ne sai na mahaifi, wani ma da na kaka, kuma ma'aikata ba su jera su iri ɗaya a takardu ba. Shawarar da aka ba kowa: kada ka yi tunani, kwafi yadda yake a takardar haihuwarka, harafi da harafi, ko da rubutun bai yi maka daɗi ba. Mahamadou a wannan takarda, Mamadou a waccan, mutum biyu ne a idon ofis, kuma gyaransa sai an je kotu. Wanda takardarsa ta ce "né vers" da shekara kawai, haka zai rubuta, kada ya ƙirƙiro rana. An koyi bambancin acte de naissance da jugement supplétif, wanda alƙali ke bayarwa ga wanda ba a yi wa rajista lokacin haihuwa ba, da certificat de nationalité, da casier judiciaire.

Aka biyo da takardun sakamakon yara na bara. A kwaleji maki a kan 20 yake, 10 ce tsakiya. Coefficient shi ne nauyin darasi, 8 a lissafi ta fi 8 a wasanni ciwo. A ƙasa ana neman ɗaya cikin uku: passe, redouble, exclu. Wani uba ya daɗe yana kallon takardar ɗansa ɗan 5e, aji biyu na kwaleji, ya bi layin absences, wato fashin zuwa lakwal, da yatsa, ya naɗe ta ya sa a aljihu bai ce komai ba.

Asabar, 20 Disamba

Sanyi da ƙura. An rataya buhuna a ƙofar zaure, an dawo da farawa zuwa 8 saura kwata. Alli na kankarewa a tabulo saboda bushewa, a goge da tsumma mai laima kafin a fara. Darasi: kwanaki, watanni, passé composé, wato faɗin abin da ya wuce, da avoir kawai.

Asabar, 3 Janairu 2026

Fakitir. Kowane ɗan kasuwa ya zo da nasa. Ginshiƙan huɗu ne a kusan kowace: désignation, quantité, prix unitaire, montant. Ƙasa kuma total, remise, avance, reste à payer. Inda ake faɗawa rami shi ne HT da TTC. HT farashi ne kafin haraji, TTC bayan an ɗora TVA, wadda a Nijar kashi 19 ce cikin ɗari. Kayan 20 000 HT, harajinsu 3 800, za ka biya 23 800. Wanda ya yi ciniki a kan HT ya ɗauka ya gama, a wajen biya zai ji. An kuma raba takardu uku da ake kira da suna ɗaya a kasuwa: facture tana cewa ga abin da ake binka, reçu tana cewa ka biya, bon de livraison tana cewa kaya sun iso, kuma sa hannu a kanta kafin a ƙirga kwali yarda ce cewa sun cika.

Direbobin biyu sun nemi kalmomin hanya, an ba su rabin sa'a: permis, carte grise, assurance, visite technique, déviation, ralentir, poids lourds. An yi wasan shinge, ɗaya jandarma ɗaya direba. Wani ɗan aji ya ce, "Malam, ni dai in gane abin da ya tambaya kafin ya maimaita da tsawa." An ba shi jimloli biyu da suka fi kowace amfani a wannan mataki: "Parlez doucement, s'il vous plaît" da "Je n'ai pas compris".

Masu kai wake da riɗi waje sun tambaya ko wannan Faransancin zai yi musu a Lome da Abijan da Njamena. Zai yi. Lafazi ya bambanta, amma fakitir da lambobi da gaisuwar ofis ɗaya ne.

Laraba, 14 Janairu

Wasiƙar neman aiki ko neman takarda, irin wadda ake biyan masu rubutu a bakin ofisoshi su yi. Ba a koyar da nahawunta ba, ya fi ƙarfin aji. An ba da ita a matsayin ƙwarangwal da za a haddace: sunanka a hagu sama, gari da kwanan wata a dama, "À Monsieur le Directeur", Objet, sannan "J'ai l'honneur de solliciter de votre haute bienveillance", abin da kake nema cikin layi biyu, a rufe da "Veuillez agréer, Monsieur le Directeur, l'expression de ma haute considération". Mutum 11 sun rubuta ta ba tare da kallon tabulo ba. Kuskuren da ya fi yawa barin alamomin wasali, é da è, da haɗa "j'ai l'honneur" ya zama kalma ɗaya. Masu ajami ba su kai nan ba, suna kan cike takarda, kuma ba za a tura su ba.

Lissafin kuɗi zuwa yau. An tara 108 000: Oktoba 32 000, Nuwamba 27 000, Disamba 25 000, Janairu 24 000. An kashe 21 500 kayan farawa, 12 500 haske, 19 000 fotokopi, 4 000 alli da bik, 3 000 cajin batir, 8 000 sharar zaure, 8 000 ƙananan ƙamus biyu, 20 000 man moto na mai koyar da ajin mata. Saura 12 000. Fotokopi ya ci fiye da yadda ya kamata, zango na gaba takarda ɗaya ga mutum biyu, a sa ta a leda a dawo da ita.

Azumi zai kama wajen tsakiyar Fabrairu, zaman dare ba zai yiwu ba saboda asham. Kafin nan akwai passé composé da être, da futur proche na abin da ke gab da faruwa, da tambayar hanya, sai gwaji na biyu a makon farko na Fabrairu, sashen ji duka da muryoyin da aji bai sani ba. Cikin azumi saƙon murya biyu a mako, kowane kada ya wuce minti ɗaya, a amsa da murya. Mutum biyar ba su da babbar waya, an haɗa kowannensu da wanda rumfarsa ke kusa da tasa. Ajin mata ya nemi a ƙara musu katin rigakafin yara da takardar awon ciki, za a karɓo marasa rubutu a yi kwafi tara kafin Asabar.